Idan Wasa Ya Koma Aike

Akwai wata gajiya da ta shigo cikin samarin wannan zamani wadda iyaye ba su san da ita ba, su kansu samarin kuwa kunyar faɗinta suke ji, watau gajiya da wasa. In mutum ya gaji da noma ko dako ko zaman shago, kowa ya san wannan, ba kuwa mai ganin laifinsa. Amma a ce saurayi ya tara kuɗinsa ya sayi waya ko kwamfuta domin wasan bidiyo, ya yi shekara biyu ko uku ba abin da ya fi so kamar wasan nan, sa'an nan wata rana ya kunna na'urar ya zauna yana kallonta kamar wanda aka ajiye wa tuwon shekaranjiya, to, wannan ya isa a tsaya a duba. Dalili kuwa shi ne, abin da ya kashe masa daɗin wasan shi ne ya riga ya cinye masa barci da kuɗi da lokaci tun bai farga ba.

Unguwar Dilimi da ke tsakiyar birnin Jos wuri ne da ya dace a duba wannan al'amari. Unguwar ta ci sunan kogin da ya ratsa garin, wanda Turawa masu neman ma'adini suka tarar da kuza a cikin yashinsa a farkon ƙarni na 20, har Jos ta bunƙasa a kan wannan arziki. Yau kuwa an fi sanin Dilimi da shagunan kayan gyaran mota, inda yaran shago da masu koyon kanikanci ke wuni a tsaye. In an rufe shago, musamman da hunturu lokacin da sanyin Jos ke korar kowa ɗaki da wuri, da yawansu wasan gem ne hutunsu. A gidajen gem galibi ƙwallon ƙafa ake bugawa, mutum biyu su kara na 'yan mintoci, wanda aka cinye ya tashi wani ya zauna. Amma akwai waɗansu 'yan tsiraru, cikin yaran shago da ɗaliban Jami'ar Jos, waɗanda hankalinsu ya karkata ga wani irin wasa dabam da ake iya kira wasan labari. Su ne wannan gajiya ta fi kamawa.

Mene Ne Wasan Labari?

Wasan labari shi ne wanda mai wasa ke shiga rigar wani jarumi, ya zama shi ke tafiyar da rayuwarsa. Yakan fara ne a matsayin ƙaramin yaro marar ƙarfi da tsohon takobi, ya bar ƙauyensu, ya bi garuruwa da dazuzzuka, ya yi abokan tafiya, ya gamu da magabta, ƙarfinsa da dabararsa suna ƙaruwa mataki mataki, har ya kai ga babban dodon da ke ƙarshen labari. Asalin abin ma ba a na'ura yake ba. A 1974 ne waɗansu Amurkawa biyu, Gary Gygax da Dave Arneson, suka fito da wasan Dungeons & Dragons, wanda abokai ke yi a kan tebur da takarda da fensir da ƙwayar jefawa irin ta lido. Mutum ɗaya ke ba da labari, sauran kowa ya ɗauki jarumi ɗaya yana faɗin abin da zai yi. Daga baya mutanen Japan suka zuba wannan tsari cikin na'ura, suka fito da Dragon Quest a 1986 da Final Fantasy a 1987. Ranar da kashi na uku na Dragon Quest ya fito a 1988, sai da yara suka gudu daga makaranta suka shiga layin saye. A 1997 kuma Final Fantasy VII ya fito a faifai uku a na'urar PlayStation, ya kai irin wannan wasa kusan ko'ina a duniya.

Bahaushe ba baƙo ba ne ga irin wannan labari. Wanda ya karanta Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, ko Ganɗoki na Bello Kagara, waɗanda aka buga a 1934, ko Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa, ya san daɗin bin mutumin da ya bar gida ya shiga duniya, yau ga shi a fadar sarki, gobe ga shi a hannun aljannu. Haka kuma yaron da ya taɓa yin tashe da azumi ya san daɗin shiga rigar wani na ɗan lokaci. Bambancin kawai shi ne, a littafi marubuci ya riga ya yanke abin da jarumi zai yi, a wasan kuwa mai wasa ne zai yanke ko a yafe wa maƙiyi ko a kashe shi, kuma ya ga abin da zaɓinsa ya haifar.

Samarin Jos sun sami lokacin nutsewa cikin waɗannan wasanni ne ba da son ransu ba. A 2020 cutar korona ta sa an kulle mutane a gida, a wannan shekara kuma malaman jami'o'i suka yi yajin aiki daga Maris har Disamba. A Agusta 2021 aka sa dokar hana fita a Jos ta Arewa. A 2022 aka sake wani yajin aikin na wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Saurayi yana zaune, ba makaranta, wani lokaci ba kasuwa, ga waya a hannu. Wasan da ya kamata a ci cikin wata uku sai a cinye shi cikin mako biyu, a ɗora wani a kai. Ko zuma ce aka sha haka, ai sai ta gundiri mai sha.

Inda Daɗin Ya Zube

To, amma yawan yi kaɗai bai isa ya bayyana abin ba. Akwai yadda ake gina wasannin yanzu da ya kamata mai karatu ya sani. Sabon babban wasa yakan kai dala 60 zuwa 70, masu saye kuwa sun saba auna shi da yawan awoyin da zai ɗauke su. Saboda haka kamfanoni suka shiga tseren faɗaɗa duniyar wasa. The Witcher 3, wanda wani kamfanin ƙasar Polan ya fitar a 2015, yana cikin waɗanda aka fi yabo, amma duk wanda ya ce sai ya leƙa kowane lungu nasa zai haura awa 100. Inda kamfani ba shi da labarin da zai cika wannan fili, sai ya cika shi da ƙananan aike-aike.

A ɗauki misalin yaron shago a Dilimi. Tun ƙarfe takwas na safe maigidansa ke aikensa: je ka sito ka ɗauko kaza, kai wa bakanike wannan a Farin Gada, biya ta wurin wane ka karɓo ciko. Shi kuwa ba abin da yake cewa sai, “To, Oga.” Dare ya yi, ya samu ya kishingiɗa ya kunna wasa domin ya huta, sai wani tsoho a cikin na'ura ya ce masa ya tafi daji ya kashe kyarkeci goma ya kawo fatunsu, wata mata ta ce ya tsinko mata ganye ashirin, taswira kuma ta cika da alamomi kowace tana jiran a je a share ta. Ashe yaron nan aike ya wuni yana yi, aike kuma ya kwana yana yi. Na rana ma ya fi, domin ana sallamarsa da na abinci, kuma yana koyon sana'a.

Wannan duk a wasannin da ake saye ke nan. Waɗanda ake saukewa kyauta a waya nasu ya fi haka, domin banza ba ta kai zomo kasuwa. Genshin Impact, wanda wani kamfanin ƙasar Sin ya fitar a Satumba 2020, misali ne da ya isa. Wasa ne mai kyan gani da kiɗa mai daɗi, ba a biyan ko kwabo kafin a fara. Amma an sa masa ayyukan kullum da ake ba lada a kansu, da wani ma'aunin ƙarfi da ke cika da ɗigo ɗaya kowane minti takwas, wanda in ya cika ba a kashe shi ba, mai wasa ya yi asara. Ga kuma bukukuwa na 'yan makonni, wanda bai halarta ba kyautarsu ta wuce shi. Manufar duk wannan ita ce mutum ya leƙo kowace rana, ko yana marmari ko ba ya yi. Sababbin jarumai kuwa ta hanyar canki-canki ake samunsu: a jefa kuɗin cikin wasa, ko na aljihu, a ga abin da zai fito, kuma ana iya jefawa har sau 90 kafin a tabbatar wa mutum da jarumi mai daraja ta sama.

Hukumomi a waɗansu ƙasashe sun lura da wannan. A 2018 hukumar kula da caca ta Beljiyam ta yanke cewa akwatunan sa'a da ake saye da kuɗi a cikin waɗansu wasanni caca ce. A Agusta 2021 ita kanta ƙasar Sin ta taƙaita wa yara 'yan ƙasa da shekara 18 wasan intanet zuwa awa ɗaya a ranakun Juma'a da Asabar da Lahadi da ranakun hutu. Saurayin Dilimi kuwa ba mai taƙaita masa, sai dai aljihunsa, ga shi a Janairu 2025 hukumar sadarwa ta Nijeriya ta amince da ƙarin kuɗin kira da na data har kashi 50 cikin 100.

Masana halayyar ɗan Adam sun daɗe da gano abin da lada ke yi wa sha'awa. A 1973 waɗansu masana uku a Amurka, Mark Lepper da David Greene da Richard Nisbett, suka yi gwaji da yaran wata makarantar reno ta Jami'ar Stanford waɗanda dama suna son zane da alƙaluma masu launi. Suka raba su uku. Kashi na farko aka yi musu alkawarin takardar yabo in sun yi zane, na biyu aka ba su ba tare da alkawari ba, na uku ba a ba su kome ba. Bayan 'yan kwanaki aka ajiye alƙaluman aka bar kowa ya yi abin da ya ga dama. Yaran da aka yi wa alkawari sai suka rage zane ƙwarai, sauran kuwa suka ci gaba kamar da. Watau da zarar yaro ya ɗauka don lada yake yi, sai son abin ya janye. Haka yake ga saurayin da ya fara wasa don yana son ya ga ƙarshen labari, ya wayi gari yana shiga don kada ladan yau ya wuce shi.

Hanyar Komawa

Wanda wannan gajiya ta kama kada ya ɗauka wata masifa ce ta same shi. In ya yi amfani da ita, gaba ta kai shi, gobarar Titi a Jos, domin zuciyarsa ce ta gaya masa gaskiyar da ya daɗe yana kauce wa. Hanyar dawo da daɗin kuwa ba ta da wuya, sai dai tana son haƙuri.

Abu na farko shi ne hutu na sosai, wata ɗaya ko biyu, tare da goge duk wasan da ke bin mutum bashin leƙowa kullum. Kwanakin farko zai ji kamar ana tafiya an bar shi. Sai ya tambayi kansa abin da ya rasa: duwatsu ne masu ƙyalli a cikin waya waɗanda ba su sayen ko mudun gari. Jos kuwa ba ta rasa inda za a kai ƙafa da ido ba, ga filin ƙwallo, ga duwatsun Shere, ga gidan tarihi da ke nan tun 1952. Marmari yana bukatar rashi kafin ya dawo, shi ya sa ruwan buɗa baki ya fi kowane ruwa daɗi.

Na biyu, in marmarin ya dawo, a ɗauki wasa ɗaya tak, gajere, mai ƙarshe. Tara wasanni ashirin a kwamfuta, kowanne an taɓa an bari, shi kansa nauyi ne a zuciya. Chrono Trigger na 1995 ana gama shi cikin awa ashirin da 'yan kai, ana samunsa a waya, kuma har yau ana lissafa shi cikin mafi kyau da aka taɓa yi. Undertale, wanda wani saurayi Ba'amurke mai suna Toby Fox ya yi kusan shi kaɗai a 2015, bai kai awa goma ba, kuma ana iya kai ƙarshensa ba tare da an kashe kowa ba. Irin waɗannan ba su bukatar babbar na'ura, ba su kuma shan data in an riga an sauke su. Su kansu masu yin wasa sun fara gane darajar taƙaitawa: Clair Obscur: Expedition 33, na wani ƙaramin kamfani a Faransa, labarinsa bai wuce kimanin awa 30 ba, shi ne kuwa aka zaɓa gwarzon wasan shekara a bikin The Game Awards na Disamba 2025.

Na uku, mai wasa ya koyi ƙin aike. Ba dole ne a share kowace alama a taswira ba, kuma ba wanda zai zo ya duba. In tsohon nan ya ce a kawo fatun kyarkeci, a wuce shi a bi labari. In wani dodo ya tsare hanya kwana uku, a rage wuyar wasan, ba abin kunya ba ne. Haka nan a rage leƙa YouTube don neman hanyar da ta fi kowace, domin wanda ya kalli yadda wani ya bi hanya kafin ya bi ta, ya sayar da mamakin da ya biya kuɗi ya saya. Gara ya zaɓi abin da ya ga ya dace da halin jaruminsa, ko da zaɓin zai jawo masa asara a cikin labari.

Na huɗu, a mai da wasan cikin jama'a, inda ya fito. Abokai ne a kan tebur suka fara shi a 1974, kuma Baldur's Gate 3, wanda wani kamfanin Beljiyam ya gina a kan dokokin wancan wasa ya fitar a 2023, mutum huɗu na iya yinsa tare. Ko wasan na mutum ɗaya ne, in abokai uku suka zauna, ɗaya yana riƙe da abin latsawa, ɗaya yana fassara Turancin, ɗaya yana gardamar a bi dama ko hagu, to an koma dandali. Wanda ke yi shi kaɗai cikin bargo har ƙarfe uku na dare shi ne gajiya ta fi saurin kayarwa.

Na biyar, a yi masa lokaci. Kakanni sun san abin da suke yi da suka hana tatsuniya da rana, suka kuma sa mata ƙurunƙus. Awa ɗaya bayan sallar isha'i, ko ranar da ba a fita kasuwa, a tsaya a inda babi ya ƙare tun ana marmari, gobe a dawo da ɗoki.

Ga Iyaye Da Iyayen Gida

Akwai abu biyu da ya kamata manya su rarrabe. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa kamuwa da wasan bidiyo cikin kundin cututtukanta a 2019, kundin ya fara aiki a Janairu 2022. Alamominta uku ne: mutum ya kasa tsai da kansa, ya fifita wasa a kan sauran al'amuran rayuwa, ya kuma ci gaba duk da yana ganin ɓarnar da yake yi masa, har abin ya kai kimanin shekara guda. Hukumar ta ce kaɗan ne daga cikin masu wasa ke kai wa wannan hali. Don haka ba duk yaron da ke riƙe da waya ne ya lalace ba, fasa wayar kuwa ba ya gyara kome. Maigidan da ya ga yaronsa yana gyangyaɗi a shago, ya fi kyau ya zaunar da shi ya tambaye shi ƙarfe nawa yake kwanciya, da kuma nawa yake zubawa a data kowane mako.

Abu na biyu ya fi wannan nauyi. In yaro ya bar wasa, iyaye sukan yi hamdala su ce ya yi hankali. Sau da yawa haka ne. Amma in aka ga bayan wasan ya bar ƙwallo, ya bar abokai, abinci ba ya masa daɗi, barcinsa ya rikice, kuma haka ya ɗore kusan kullum har mako biyu ko fiye, to wannan ya wuce gajiya da gem. Rasa jin daɗin abin da aka saba so yana cikin manyan alamomin ciwon damuwa, ciwo ne kuwa da ke da magani. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos da ke Lamingo yana da sashen likitocin wannan fanni, kai yaro can kuma ba tona asirin gida ba ne.

Saurayin da ya dawo da hankalinsa kan labari, ba zai daɗe ba zai tambaya ina nasa labarin. A 2016 wani kamfani a Yawunde ta Kamaru, Kiro'o Games, ƙarƙashin Olivier Madiba, ya fitar da wasan labari mai suna Aurion wanda aka gina a kan al'adun Afirka. Jos ce mazaunin Hukumar Fina-finai ta Nijeriya da makarantarta, ga kuma labarin Bayajida da na Sarauniya Amina suna nan a ajiye. Wanda zai iya wannan aiki sai wanda bai bar aike-aiken na'ura sun kashe masa son labari ba.

Kafin nan, ga ma'auni mai sauƙi ga kowane mai wasa, a Dilimi yake ko a wani gari. Duk lokacin da ya kai hannu zai kunna, ya tambayi kansa: marmari ne ya kawo shi, ko tsoron kada wani abu ya wuce shi? In marmari ne, ya yi wasansa cikin lokacinsa, ya tashi. In tsoro ne, ya ajiye wayar ya kwanta, gobe akwai shago. Allah Ya shiryi matasa, Ya sa albarka a cikin lokacinsu, amin.